Wanda Raƙiya Ba Ta Ƙidaya Ba

Tun Raƙiya tana yarinya a Afala ta buɗe ido ta tarar wasu mazan gidansu gwiwar hannunsu ba ta miƙewa sosai. Kawunta haka yake, yayyenta biyu, Yunusu da Rashidu, su ma haka. In suna tafiya dugadugansu ba su cika taɓa ƙasa ba, sai ka ce masu ƙetare rairayi da rana tsaka. Wuyansu kuma a sanƙare, in za su dubi ƙasa sai sun duƙa gaba ɗaya. Ba wanda ya ɗauki abin ciwo. Ana noma da su, ana cin tuwo da su, abokan wasa na tsokanarsu suna ramawa. Yunusu ya faɗi a bakin rijiya yana jan guga, bai kai arba'in ba. Rashidu ya dawo daga masallacin Juma'a, ya zauna gindin aduwa ya ce bari ya huta kaɗan, bai tashi ba. Mutane suka ce kwana ne ya ƙare, kuma gaskiya suka faɗa. Sai dai ba wanda ya taɓa haɗa mutuwar nan da gwiwar hannu.

Raƙiya ta yi aurenta na fari nan Afala, ta haifi namiji, aka sa masa Almustafa. Auren bai yi ƙarko ba. Da aka yaye yaron sai uwarta ta ɗauke shi, kamar dai yadda ake yi. To kun san kunyar ɗan fari a ƙasar Adar ba abin wasa ba ce, balle ga matan da suka tashi a wancan lokaci. Uwa ba ta faɗin sunansa, ba ta kallonsa ido cikin ido, ba ta yi masa wasa gaban mutane, in an tambaye ta 'ya'yanta sai ta fara daga na biyu. Raƙiya kuwa ta riƙe abin fiye da kowa, har tsofaffi na nuna ta ga amare suna cewa su yi koyi. In Almustafa ya zo gaishe ta sai ta kau da fuska ta amsa can ƙasa-ƙasa. Shi kuma Yaya yake ce mata, don tare ya tashi da ƙanwarta Balki, abin da ya ji Balki na faɗa shi ya kama. In ya zama dole ta ambace shi sai ta ce "na Inna", wato na uwarta. Da ya girma ya koyi ɗinki ya buɗe shago a Tawa, sai ya koma "telan nan".

Ba ƙinsa take ba, ko kusa. Duk kaka, waken da ya fi kyau a gonarta shi take aunawa ta ba Balki ta kai masa, ta ce kada a faɗi daga ina. Kuma tun yana ɗan shekara shida, ta gefen ido, ta lura da yadda yake riƙe hannunsa a tanƙware, da yadda yake gudu bisa yatsun ƙafa. Ta ce a ranta ya ɗauko kawunnansa, ta bar shi nan.

Aurenta na biyu a Barmu aka yi, da wani manomi mai suna Muktari. Ta haifa masa mata biyu, sai auta namiji, Isufu. Shi ma da ya tashi sai ga gwiwar hannun, sai ga tafiyar.

Shekarar da abin ya faru Isufu na da ashirin da shida. Ruwan farko ya sauka, saura kamar mako huɗu Sallar Layya, gari duk ya fita shuka. Yana cikin sara rami ƙannen matarsa na binsa da iri, sai ya zube. Ya farfaɗo, ya sha ruwa, ya ce jiri ne, ya koma kan aiki, ya sake zubewa. Ma'aikacin asibitin Barmu ya riƙe masa wuyan hannu yana duban agogo, ya daɗe, sannan ya ce zuciyar tana bugawa a hankali ƙwarai, a kai shi Tawa yau ɗin nan. Muktari da Raƙiya suka shiga mota da shi.

Likitar da ta karɓe su a Tawa sunanta Nafisa, 'yar garin ce, ba ta wuce sa'ar 'yar Raƙiya ta fari ba. Ta yi karatu Yamai, babban birnin ƙasar, ta ƙara a waje, amma bakinta na Adarawa ne tsaf. Aka manna wa Isufu wayoyi a ƙirji, na'ura ta fitar da takarda mai layi-layi kamar sawun ƙadangare. Likita ta duba, sannan ta yi wani abin da ya ba Raƙiya mamaki. Ta kama hannun Isufu ta yi ƙoƙarin miƙe shi, ya ƙi. Ta ce ya sa haɓarsa a ƙirji, ya kasa. Ta ce ya taka ƙasa da dugaduginsa, ya yi dariya ya ce shi tun da yake bai taɓa ba. Ita ba ta yi dariya ba. Ta ce a bar shi ya huta, iyayen su biyo ta ofis.

Ta ba su kujeru, ta tambayi Raƙiya ko tana fasa ƙwan zabi. Raƙiya ta ce wa zai tambayi 'yar Adar wannan da damina. Likita ta ce to, ta san kwanduwa, ta san ɗan siririn tantanin da ke riƙe ta, wanda in ya yage kwanduwar ke watsewa. Ta ce naman jikin mutum duka an gina shi ne da wasu ƙwayoyi ƙanana da ido ba ya gani, kowace ƙwaya kuma tana da cibiya a tsakiyarta kamar kwanduwar nan. Cikin cibiyar ne aka adana duk abin da mutum ya gada, kamanninsa da tsawonsa da launinsa. Cibiyar tana da nata tantani, ninki biyu, ta ciki kuma akwai wata saƙa da ke tallafe shi kamar yadda ƙiraren bukka ke tallafe ciyawa. Akwai wani ɗan abu da ke ɗaure tantanin da saƙar. Wasu mutane ana haihuwarsu babu shi.

Ta juyo musu da fuskar kwamfutarta, ta nuna hotuna biyu daga littafin karatunsu. A na farko cibiyoyin sun yi zagaye sumul. A na biyu sun yamutse, wasu sun yi ƙullutu a gefe kamar goron da ya bushe. Ta ce inda jiki ba ya motsi sosai, rashin maɗaurin nan ba ya damunsa. Amma tsoka kullum cikin ja da saki take, zuciya kuwa ba ta hutawa tun daga ciki har kabari, to can ne tantanin ke gajiya, ƙwayoyin su mutu ɗaya bayan ɗaya, tabo ya maye gurbinsu. Tabon shi ke tare hanyar da umarnin bugawa ke bi a cikin zuciya. Gwiwar hannu da agara alama ce kawai, ba su kashe kowa. Zuciya ce abin tsoro. Ta ce sai an aika jini waje kafin a tabbatar, amma ita a ganinta wannan ne.

Raƙiya ta ji Yunusu da Rashidu sun faɗo mata a rai tun kafin a tambaye ta. Da likita ta tambaya ta ba da labarinsu duka, har da kawunta. Likita ta jawo farar takarda tana zanawa, maza 'yan akwatuna, mata 'yan da'irori, tana haɗa su da layi. Ta ce irin wannan ta wajen mata yake bi. Mace tana ɗauke da shi ba ta sani ba, ta ba wasu 'ya'yanta maza, wasu su tsira. Muktari da ya ji haka sai ya sauke numfashi, ya jingina da kujera, ya ciro carbinsa. Tun daga Barmu yake tsoron a ce daga gidansu ne. Daga nan bai ƙara bin zancen sosai ba.

Likita ta ce Isufu za a tura shi Yamai, akwai likitocin zuciya da suka zo, za su dasa masa wata 'yar na'ura ƙarƙashin fata da za ta riƙa tunasar da zuciyar ta buga. Ta ƙara da cewa duk namijin da ya fito daga tsatson nan yana da wannan hannu, dole a auna shi ko da yana jin ƙarfi kamar doki, don zuciyar ba ta yin sallama. Wani sai ta tsaya. Wani kuma jini ya kwanta a cikinta ya yi gudaji, gudajin ya tafi ƙwaƙwalwa. Dukansu akwai abin da ake yi in an gano da wuri.

Sai ta ɗora alƙalami ƙarƙashin da'irar Raƙiya.

"Inna, ɗiyanki maza nawa?"

Raƙiya ta dubi tafin hannunta. Mijinta na zaune gefe. Shekara arba'in da ɗaya ana yi mata wannan tambaya wajen biki da wajen suna, kuma amsa ɗaya take bayarwa, har bakin ya saba.

"Wanga da ke kwance," in ji ta.

"Shi ɗai?"

"Mata biyu, sai shi."

Likita ta zana da'ira biyu da akwati ɗaya, ta ce to alhamdu lillahi, aikin ya zo da sauƙi, sai a sa ido kan jikoki. Muktari ya ci gaba da jan carbinsa. Ko da ya lura, ba huruminsa ba ne ya tono ɗan wani mijin gaban baƙuwa, a ganinsa ma rufa wa matarsa asiri ya yi.

Tun kafin su kai ƙofa Raƙiya ta san abin da ta aikata. Ta ce a ranta gobe za ta dawo ita kaɗai ta gyara. Washegari likita ta zo zagayen marasa lafiya da ɗalibai shida a bayanta, maza da mata, kowa da littafi. Raƙiya ta gaishe ta, ta koma kan tabarmarta. Jibi kuma aka ce likita tana ɗakin tiyata.

Ranar Lahadi, ranar kasuwar Tawa, likita ba ta aiki, sai ga Almustafa ya shigo dubiya. Ya sa doguwar riga mai faɗin hannu irin wadda yake ɗinka wa kansa, wadda ba a gane komai a cikinta. Ya kawo kwanon miya daga matarsa Zahara, da cuku a nannaɗe cikin takarda. Ya durƙusa ya gai da Yaya, ta kau da kai ta amsa. Ya zauna bakin gadon ƙanensa yana tsokanarsa, wai mutanen Barmu in sun ga aikin shuka ya yi yawa sai su faɗi a kawo su birni su ci shinkafa. Isufu ya ce ai gara shi, wani ma ko sungumi bai iya riƙewa ba, sai almakashi kamar mai kitso. Suka yi ta dariya. Isufu bai san abin da aka faɗa a ofis ba, shi dai an ce masa zuciyarsa ce ke nawa.

Raƙiya ba dariyar take ji ba. Numfashin Almustafa take ji. 'Yan matakala huɗu ne a ƙofar ɗakin, amma har ya zauna yana haki, yana cewa zafin bana ya yi yawa. Ta ji kamar ƙirjinta ne. Ta ɗauki buta ta fita, ta tsaya ƙarƙashin dogon yaro tana shirya maganar a bakinta. Ba doguwa ba ce. Ka dawo gobe likita ta duba ka, ciwon kawunnanka gare ka.

Ya fito, ya gan ta, ya rage tsawo daga ɗan nesa kamar yadda ya saba.

"Yaya, ni zan koma shago. Akwai saƙo?"

Wasu mata uku na zaune kan benci suna kallonsu, ɗaya ma kamar 'yar Afala.

"Babu," in ji Raƙiya. "A gai da gida."

Ta bi shi da ido har ya fita ƙofar asibitin, bisa yatsun ƙafa, rigar na kaɗawa.

Kwana biyu bayan haka Muktari ya tafi da Isufu Yamai. Raƙiya ta zauna gidan Balki nan Tawa tana jiran labari. Ga Balki ta buɗe baki, amma ko ita rabi ta gaya mata. Ta ce ta je ta ce wa telan nan ya je asibiti a auna shi, likita ta ce masu irin hannun nan su zo. Ba ta gaya mata cewa ba ta ƙidaya shi a takardar likita ba. Ba ta ambaci Yunusu da Rashidu ba, don a ganinta ambaton matattu a kan mai rai kamar yi masa baki ne.

Balki kuwa mace ce mai baki, kuma ita da Almustafa tun suna yara ba su taɓa yin zance ba da tsiya a ciki. Ta same shi shago ya cika, yaduddukan Salla sun taru har rufi. Ta ce masa uwarsa ta ce ya je a auna shi kafin ya faɗa cikin keken ɗinki a ɗinke shi da wandon wani. Ya ce ta gaya wa Yaya ya gode, shi lafiyarsa lau, hannun nan da shi ya aurar da ita Balki ɗin ma, don shi ya ɗinka mata kayan ɗaki. Ya ce bayan Salla in Allah ya kai mu zai leƙa. Ya ƙara da cewa ai da abin na gaggawa ne, da likitar ta aiko an kira shi, tun da ga shi nan cikin gari, ba daji yake ba.

Balki ta dawo ta maimaita wannan tana dariya. Raƙiya ta tashi ta shiga ɗaki. Ita kaɗai a duniya ta san dalilin da ya sa likita ba ta aiko ba.

Ta koma asibiti, da ma an ce ita ma ta zo a duba zuciyarta, don mata masu ɗauke da abin wani lokaci yakan taɓa su da tsufa. Ta bi layi tun safe har hantsi. Likita Nafisa ta tarbe ta da fara'a, ta auna ta, ta ce tata lafiya lau. Ta ce Allah ya yi mata albarka, da duk iyaye na ba da labarin danginsu dalla-dalla kamar ita, da aiki ya yi daɗi, har ta ba ɗalibanta misali da takardar gidansu. Ta tambaya ko akwai wani abu. Su biyu ne kaɗai a ɗakin, ba miji, ba ɗalibai. Sai dai yanzu wata kunyar ce ta hau kan ta farko. Yaya za ta dubi yarinyar nan, sa'ar 'yarta, da ta gama yabonta, ta ce ƙarya na yi miki? Ta ce babu komai, sai godiya.

A hanyar gida ta yanke wa kanta rana. Ranar Salla zai zo yi mata barka, kamar kowace shekara. Za ta sa Balki ta kore kowa daga ɗakin, ta faɗa masa da bakinta, in ya so Afala duka ta yi da ita. Saura kwana tara. Ta ce mutumin da ya yi shekara arba'in da ɗaya a tsaye, kwana tara ba za su gagare shi ba.

Saura kwana uku Salla, da hantsi, yana yanka shadda, almakashi ya faɗi daga hannunsa. Ya sunkuya zai ɗauka, sai ya bi shi. Masu jiran ɗinki suka ɗaga shi suka ga bakin ya karkace, hannun dama da ƙafar dama sun saki.

Ko da Raƙiya da Balki suka iso asibiti an riga an kwantar da shi. Zahara na tsaye da goyo tana kuka ba sauti. Likita Nafisa ta naɗe masa hannun riga za ta auna jini, sai ta tsaya. Ta kama hannun hagun, mai lafiyar, ta ja a hankali, ya ƙi miƙewa. Ta yaye zanen ta dubi ƙafafun. Sannan ta ɗago ta ga Raƙiya a bakin ƙofa.

"Inna, mi ya kawo ki? Wane ne wanga gare ki?"

Balki ta buɗe baki za ta amsa mata, kamar yadda ta saba amsawa shekara da shekaru. Raƙiya ta dafa ta.

"Ni na haihe shi," in ji ta. "Shi ne na fari."

Likita ta mayar da zanen. Ta gama abin da take yi, ta ba da umarni, aka manna wayoyi, takarda ta fito. Sai da la'asar ta kira Raƙiya ofis, ita kaɗai. Ta ce ɗakunan sama na zuciyarsa sun daina matsawa, mai yiwuwa tun da daɗewa, jini ya kwanta ya yi gudaji, gudajin ya toshe wata jijiya a ƙwaƙwalwa. Zai rayu in Allah ya yarda. Hannun da maganar kuwa ba ta yi alkawari ba.

Raƙiya ta tambaye ta, da ya zo tun ranar da aka kawo Isufu fa. Likita ta nemi amsar da ba za ta yi ciwo ba, ba ta samu ba. Ta ce ba ta san gaibu ba. Amma akwai ƙwayar magani da ke hana jini gudaji, da ta fara ba shi ita tun ranar, kuma mako uku ba kaɗan ba ne.

Sai ta cire tabarau ta ajiye. Ta ce ita ma tana da nata kason. Uwarta har gobe ba ta faɗin sunan ɗanta na fari, yayan ita likitar, a gidan ta tashi, ta san abin sarai. Amma da ta zauna kan kujerar nan sai ta yi tambaya yadda aka koya mata a makaranta, ga kuma miji zaune. Da ta ce, wanda aka ba kaka fa, da an wuce wurin. Raƙiya ta ce a'a ɗiyata, ke tambaya ɗaya kika yi, ni sau huɗu aka ba ni dama. Likita ta jawo takardar nan ta ƙara akwati ɗaya a gefen hagu, ta tambayi 'ya'yansa. Mata uku. Ta ce su ukun duka suna ɗauke da abin, ba makawa, don haka ranar da suka haifi maza a tuna.

Aka yi Salla yana asibiti. Mutane suka yi ta zuwa shago suna kwashe yaduddukansu, wasu an yanka ba a haɗa ba. Da aka sallame shi Raƙiya ba ta koma Barmu ba. Ta ɗauki ƙullin kayanta ta tare gidansa, don Zahara ga goyo ga yara, ba za ta iya juya babban mutum ita kaɗai ba. Ita ke ɗaga shi, ita ke murza masa hannun da man shanu yadda aka nuna musu, ita ke ba shi fura da ludayi tana share abin da ya zubo ta gefen baki. Wasu tsofaffin unguwa suka ce yau ga sabon abu, uwa na jinyar ɗan fari da hannunta. Ba ta ko waiwaye su ba. Yana gane kowa, yana jin duk abin da ake faɗa, idonsa na bin mai magana. Amma kalma ɗaya ce ta rage a bakinsa. In yana jin yunwa, "to". In ya ƙoshi, "to". In abu ya ɓata masa rai ma ita ce.

Isufu ya dawo daga Yamai sati biyu bayan Salla, gero ya fara rufe ƙasa. Ya yi ƙiba kaɗan, jirin ya tafi. Bai wuce Barmu ba, daga tasha gidan wansa ya nufa. Ya tarar an shimfiɗa wa Almustafa tabarma a inuwar tsakar gida da yamma, an jingina shi da matashi, Raƙiya na gefensa da ƙwaryar fura. Zahara na tuƙa tuwo can gefe.

Ya gai da su, ya zauna. Ya buɗe wuyan riga ya nuna wa wansa ɗan tabon da ke ƙarƙashin ƙashin wuyansa, ya kama masa hannun hagu ya ɗora ya ji taurin na'urar. Ya so ya yi tsokana, ta ƙi fitowa. Can sai ya ce, a Yamai bayan an gama aikin wani tsohon likita ya zaunar da shi ya yi masa bayanin tantanin nan duka, ya tambaye shi ko yana da ɗan'uwa namiji. Ya ce yana da wa, uwa ɗaya, hannunsu iri ɗaya. Likitan ya duba takardar da aka aiko daga Tawa, ya ce nan an rubuta babu. Shi kuwa a take ya fita ya buga wa Almustafa waya, sai Zahara ta ɗauka, ashe kwana biyu ke nan da faɗuwar. Ya ce tun daga ranar yake ta tunani, wane mai rubutu ne ya yi wannan kuskure, shi so yake ya san shi.

Ya juyo wajen uwarsa.

"Inna, ke kina wurin. Ba a tambaya ba?"

Zahara ta daina tuƙi. Raƙiya ta ajiye ludayin cikin ƙwarya. Tana iya cewa ta manta, tana iya cewa maganar likita ta yi mata yawa, ba wanda zai ƙaryata tsohuwa. Muktari ba zai taɓa tonawa ba, likita ma haka. Amma Almustafa na nan jingine, kunnensa lafiya lau.

"An tambaya," in ji ta. "Ni aka tambaya. An ce mini ciwon zai iya kashe shi, an ce mini akwai magani. Na ce kai ɗai gare ni. Ya zo asibiti ya ce ko akwai saƙo, na ce babu."

Tuwon ya fara kamawa a gindin tukunya, ƙaurinsa ya taso, Zahara ba ta kula ba. Isufu ya sunkuyar da kai yana murza gwiwar hannunsa.

Almustafa ya daɗe yana kallon uwarsa. Gefen fuskarsa mai rai ya motsa, leɓen ya yi ta kokawa, kamar akwai magana mai tsawo a bayansa da ke neman hanya.

"To," in ji shi.

Raƙiya ta jira ko wani abu zai biyo baya. Ba abin da ya biyo. Ta kasa gane ko yafewa ce, ko tuhuma, ko kuwa furar yake nufi. Ta ɗauki ludayin, ta motsa ƙwaryar don garin ya kwanta a ƙasa, ta ɗebo, ta kai masa baki.